Na shiga aji biyu, karatu ya fita daga raina. Akwai wanda ya taɓa shiga wannan hali?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan ajinmu a nan.

Ina aji biyu a wata jami'ar tarayya, Bayokemistiri nake karantawa. Aji ɗaya na gama shi da CGPA 4.21, wato matsakaicin makin duk zangunan da na yi, bisa biyar. A lokacin ni ne mai kama wa mutane kujerar gaba a lakcar ƙarfe bakwai, ni ake bi da handaut a ce in yi bayani. Yanzu sakamakon zangon farko na aji biyu ya fito: GPA 2.27, wato makin zangon kaɗai, da kariyoba biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na maimaita: Oganik Kemistiri da wani kwas na lissafin ƙididdiga.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, da na ga sakamakon ko gabana bai faɗi ba. Na duba, na juya, na je na sayi awara ta ɗari biyu na ci. Shi ke nan. Yau sati uku da komawa zango na biyu, lakca huɗu kacal na shiga. In na buɗe handaut sai in karanta layi ɗaya sau biyar ban san me ya ce ba. Ba na shaye-shaye, ba ni da budurwar da za a ce ita ta ɗauke min hankali. A gida ba su sani ba, Baba ya tambaye ni na ce masa sakamako bai fito ba tukuna.

Waɗanda suka wuce wannan mataki, haka kuka ji? Ko ni kaɗai ne? Me kuka yi?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa shiga saitin wayarka ka duba awa nawa kake yi a kanta kullum, ka zo ka faɗa mana tsakani da Allah. A 2024 ai mun gani, rabin hostal suna ta dannan Hamster, wasan wayar nan da aka ce zai ba da kuɗi, har asuba, da aka tashi biya ko kuɗin data bai fito ba. Ba wani ciwo, lalaci ne aka yi masa kwalliya. Ajiye waya ka ɗauki littafi.

Autar Mama:
Wallahi kamar ni na rubuta. Aji biyu nake ni ma, Ikonomiks. Ina nan ina jiran amsoshi, don Allah masu sani ku yi magana.

Ummu Hanan:
Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba a kanka aka fara ba. Ni na gama tun 2019 amma har yanzu in na tuna aji biyu sai in ji nauyi a ƙirjina.

Ka duba rayuwarka tun daga SS1. Komai da kake yi ƙofa ɗaya yake nufa: WAEC, NECO, JAMB, jarrabawar tantancewa ta jami'a, sannan zaman jiran suna ya fito. Shekara uku ko huɗu kana gudu zuwa ƙofar nan. Ka shiga. Aji ɗaya ɗoki ne ya ɗauke ka, sabon wuri, sababbin abokai, a unguwa ana cewa ga ɗan jami'a. Ga shi kuma yawancin abin da ake koyarwa a aji ɗaya na kimiyya maimaicin sakandare ne da aka ɗan ƙara wa gishiri: fiziks ɗin nan, kemistiri ɗin nan, bayoloji ɗin nan. Duk wanda ya sha wahalar JAMB da gaske zai iya cin su da guzurin da ya zo da shi.

A aji biyu guzurin ya ƙare, ɗokin ma ya ƙare. Ba kai ne jambito da ake lallaɓawa ba, ba kai ne ɗan ajin ƙarshe da ake yi wa barka ba. Gaɓar da ka baro ta yi nisa, wadda za ka ba a hango ta. Mu a ɗakinmu har suna muka sa masa, muna ce masa tsakiyar kogi.

Ɗan Fagge:
Anti da girmanki, amma irin wannan lallashin ne ke kashe yaran nan. Mu da muka yi karatu muna tafiya a ƙasa daga gari zuwa makaranta, wa ya tambaye mu ko muna tsakiyar kogi?

Ummu Hanan:
Ɗan Fagge, ba lallashi nake yi ba. Sai ka san sunan ciwo kake neman maganinsa. Kuma in ka tuna da kyau, a cikin waɗanda kuka yi tafiyar ƙasan tare akwai waɗanda suka ɓace a aji biyu ba ku sake jin ɗuriyarsu ba. Kowane aji yana da irinsu.

Malam Mai Alli:
Ni malami ne a jami'a, kuma na riƙe kodinetan aji biyu na wasu shekaru. Kafin in ce komai, mai tambaya, yunit nawa, wato nauyin da ake ba kowane kwas, ka yi rajista a aji ɗaya gaba ɗaya, nawa kuma a zangon da ya wuce?

Mai Tambaya:
Allah ya gafarta Malam, 38 a aji ɗaya, 22 a zangon da ya wuce. Wannan zangon ma 22 ne.

Malam Mai Alli:
Madalla. Ɗauko biro mu yi lissafi, domin na lura yawancin ɗalibai tsoron lissafin nan suke yi, sai su zauna cikin duhu suna zato.

CGPA 4.21 a kan yunit 38 yana nufin ka tara maki 160. GPA 2.27 a kan yunit 22 maki 50 ne. Haɗa su: 210 a raba da 60, ya ba ka 3.50 cif. Ka san me ke nan? A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50 zuwa 4.49, ƙaramar daraja ta biyu daga 2.40 zuwa 3.49. Wato a yau ɗin nan kana tsaye a kan layi, ƙafarka ɗaya a ciki ɗaya a waje.

In ka maimaita irin na zangon da ya wuce, za ka koma 260 a kan 82, wato 3.17. In kuwa ka samu B a kowane kwas, ba A ba, B kawai, za ka samu maki 88, ka koma 298 a kan 82, wato 3.63. Ka ga tazarar da zango ɗaya ke yi. Dalili shi ne har yanzu yunit ɗin da ka tara kaɗan ne, kowane zango yana da nauyi. In ka kai aji huɗu da yunit sama da ɗari a bayanka, ko A ka jera ba za ta motsa CGPA ɗin sosai ba. Na ga ɗalibai da yawa sun farka a aji huɗu suna kwana a aji, sun zo ofis suna tambayata ko akwai dabara. Babu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar kariyoba. Abu biyu take yi. Na farko, a yawancin jami'o'inmu F ɗin nan tana nan a lissafi ko bayan ka ci kwas ɗin, sifili ce da aka raba da yunit ɗinta. Na biyu, kuma shi ya fi haɗari, akwai iyakar yunit da za ka yi rajista a zango, galibi 24, kuma sai ka fara sa kariyoba kafin sababbin kwasa-kwasai. In suka taru sai su ture wani kwas na aji uku zuwa aji huɗu, na aji huɗu ya tura ka ƙarin shekara. Biyu ba su kai nan ba. Biyar ko shida za su kai.

Lakca huɗu a sati uku kuma, ka sani jami'o'i da yawa suna da dokar halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Wasu malaman ba sa dubawa, wasu suna dubawa, kuma ba ka san wanne za ka faɗa hannunsa ba. Gobe ka je wurin kodinetan ajinku. Ba sai ka tsara magana ba, ka ce masa abin da ka ce mana.

Autar Mama:
Malam na yi nawa lissafin yanzu. Innalillahi. Amma gara da na sani.

Kwamared:
Duk kun yi magana mai kyau amma kun tsallake giwa kuna neman sawunta. Yunwa! Ku tambayi mai tambaya sau nawa yake cin abinci a rana.

Lokacin da yaro ya samu gurbi, dangi kowa na kawo gudummawa. Kawu ya ba da dubu goma, gwaggo ta ƙullo yaji da kuka da daddawa, yaya ya sayi katifa. Wannan na aji ɗaya ne. A aji biyu ba wanda ya sake tunawa da kai, an ɗauka ka zama ɗan gari. Daidai lokacin kuma gado a hostal ya kuɓuce, don a wurare da yawa sababbi da 'yan ajin ƙarshe ake fara bai wa, kai na tsakiya ka je ka raɓe a ɗakin wani ko ka kama haya a waje ka riƙa biyan ɗan sahu safe da yamma. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista a shekarar, mudun shinkafa kuwa ba sai na faɗa ba. Yaro ya sha kwaki da safe, ya sha kwaki da dare, sannan a ce ya zauna ya haddace zagayen Krebs. Da wane jini?

Wanda bai cika NELFUND ba, wato bashin karatu na gwamnatin tarayya, ya je ya cika. Tun watan Mayun 2024 aka buɗe, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma akwai dubu ashirin na kashewa a wata. Bashi ne, ba ruwa a kansa, sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Dubu ashirin ba ta kai ko'ina a wannan zamani, amma ta fi babu.

Ɗan Fagge:
Kwamared kai komai sai ka kai shi gwamnati. Mutumin da ya ce ya sayi awara ta ɗari biyu don nishaɗi shi ne mai yunwa?

Kwamared:
Wa ya ce maka don nishaɗi ne? Wataƙila ita ce abincin ranarsa. Kai da ka ƙoshi ai sai ka ga kowa malalaci ne.

Admin:
Jama'a a yi hattara. Yaro ya kawo damuwarsa, kada a mayar da wurin filin dambe. Wanda zai yi gardamar tallafin mai ya buɗe nasa zaren.

Anti Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa. Magana ɗaya ce ta tsaya min a rubutunka, inda ka ce ka ga sakamakon ba ka ji komai ba. Malalaci in ya faɗi jarrabawa yana jin zafi, ya yi rantsuwa zai gyara, ko da ba zai gyara ɗin ba. Wanda ya daina jin komai, wannan sai an ɗan tsaya an duba.

Ba zan ce kana da ciwon damuwa ba, ba a gane wannan ta Facebook. Amma ka tambayi kanka. Abubuwan da kake jin daɗinsu da, ƙwallo ko hira ko wani abu, har yanzu suna yi maka daɗi, ko su ma sun fita daga ranka? Barcinka ya canza, ko ya ƙi zuwa ko ya yi yawa? Cin abinci fa? Kana jin kai ba ka da amfani? In karatu kaɗai ne ya gundure ka amma kana kallon ƙwallo har da ihu, to da sauƙi, matsalar tana tsakaninka da karatun. In kuwa komai ya zama lami, kusan kullum, har ya wuce sati biyu, ka je asibitin makaranta ka ga likita. A duba jininka ma, don ƙarancin jini da zazzaɓin da bai warke sosai ba suna kawo kasala da rashin riƙe karatu. Yawancin jami'o'i suna da sashen ba da shawara a ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai, kyauta ne, kuma galibi ba kowa a wurin sai kujeru.

In har tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwar maka, wannan ba na jira ba ne, yau za ka faɗa wa wani.

Sannan don Allah, duk wanda ya ce maka ga wata ƙwaya da ke sa karatu ya zauna, ka guje shi. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani a asibiti da haka suka fara, tiramol don a kwana ana karatu.

Abu Sumayya:
Anti ta yi magana. Ni dai zan ƙara da cewa ya duba tsakaninsa da Ubangijinsa. Yaya asuba? Yaya azkar? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala. Yaro mai ƙoƙari irin wannan kuma ba a raba shi da baki da ido, ya riƙa yi wa kansa tofi.

Anti Nas:
Ustaz ban ƙi ba ko kaɗan, ya yi addu'a ya ƙara. Roƙona kawai kada a tsaya nan. Mun sha karɓar yaran da aka shekara ana yi musu ruƙiyya kafin a kawo su, da an haɗa biyun tun farko da ba su rasa shekarar karatu ba.

Abu Sumayya:
Haka ne. Neman magani ai umarni ne. A haɗa.

Mai Tambaya:
Na gode ƙwarai, ban zaci za a amsa haka ba. Bari in amsa da gaskiya.

Yaya Ɗan Fagge, na duba, awa bakwai da wani abu. Ban musa ba. Amma ni a ganina ba wayar ce ta raba ni da karatu ba, gudun karatun ne ya kai ni wayar. Kwamared, ana ci sau biyu, alhamdu lillahi, amma gaskiya ne na rasa gado, yanzu a waje nake mu uku a ɗaki. Anti Nas, ƙwallo har yanzu ina kallo ina ihu, barci ne dai ya rikice, sai ƙarfe uku nake yi.

Akwai abin da ban faɗa ba. Ni likitanci na nema. Sau biyu ina rubuta JAMB, na biyun na ci 268, aka ba ni Bayokemistiri. Aka ce min in karɓa, in na yi ƙoƙari a aji ɗaya za a iya mayar da ni. Wannan 4.21 ɗin saboda haka na yi ta. Na cika takardar canjin kwas, ba a ɗauke ni ba. Ranar da na ga abokaina biyu sun sa farar riga za su ɗakin gawa yin Anatomi, ni kuma ina hanyar lakcar Oganik, a ranar wani abu ya mutu a raina. Har yau a unguwarmu Dakta ake ce min. Baba ma haka yake kirana.

Ummu Hanan:
Ayya. To ga inda gizo ke saƙar.

Sojan Baka:
Ƙanena tun da haka ne kada ka ɓata lokaci. Sake rubuta JAMB. Ni sai da na kai aji biyu a Jiyoloji na bari na koma aji ɗaya a Shari'a, yau ina aji biyar ban taɓa nadama ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malam Mai Alli:
Sojan Baka, Allah ya sa albarka a naka, amma a yi hankali da wannan shawara. Ga duk mutum ɗaya irinka na san wasu da suka saki na hannu, na gaba bai samu ba, suka dawo ba tsuntsu ba tarko.

Gurbin likitanci ba a hannun shugaban sashe yake ba. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa ko mai 4.80 yana iya neman canji a hana shi. Wanda ya ce maka "shiga kawai za a canza maka" ya faɗi abin da ake faɗa wa dubban yara kowace shekara don su karɓi abin da aka ba su. Rabin 'yan Bayokemistiri da Maikurobayoloji da na koyar da wannan alkawarin suka shigo. Wannan kiyasina ne daga aji, ba ƙididdiga ba.

Hanyoyin da ke gabanka a fili suke. Kana iya sake JAMB alhali kana riƙe da gurbinka, kada ka saki sai sabon ya tabbata a hannu. Kana iya gama wannan digirin da sakamako mai kyau ka nemi likitanci ta DE, wato shiga kai tsaye, wasu jami'o'i suna ɗaukar masu digirin kimiyya su fara daga aji biyu, amma fa da babbar daraja ta biyu ko ta ɗaya, ita ɗin da kake tsaye a bakin layinta yanzu. Doguwar hanya ce, kuma ka sa lissafin shekaru a ciki, tun da wanda ya haura talatin lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ko kuma ka tsaya ka kalli kwas ɗin nan da idonka, karo na farko. Ka lura, ba ka taɓa karanta Bayokemistiri don kansa ba. Tsani ka ɗauke shi, da tsanin bai kai ka ba ka yi fushi da shi. Duk ukun nan ba wadda za ta yiwu in ka bar zangon nan ya lalace.

Sojan Baka:
Malam na karɓi gyara a kan kada ya saki sai ya kama. Ni ma haka na yi, mantawa na yi ban faɗa ba. Amma ina nan a kan bakana, mutum ya shekara huɗu yana karanta abin da ya tsana azaba ce.

Hajiyar Lab:
Ni Bayokemistiri na karanta, ni ma likitanci na nema, ni ma na yi kukan nan. Abin da ya juya min rai shi ne zuwa SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, wata shida a ɗakin gwaji na wani kamfanin sarrafa abinci. Ranar da na ga an dakatar da lodin mota guda saboda sakamakon gwajin da na yi da hannuna, ranar na daina jin kunyar faɗin kwas ɗina. Ba na ce kowa zai so shi ba. Amma a aji biyu ba ka ga komai ba tukuna sai zane-zanen kabon a allo. In kana da hali, lokacin hutu ka nemi wani ɗakin gwaji ka roƙa su bar ka ka riƙa zuwa ko wanke kwalabe ne.

Oganik kuma ba a haddace shi, da biro ake karanta shi. Ka zana, ka goge, ka sake zanawa. Wanda ya ce zai karanta shi a kwance kamar labari ya riga ya faɗi.

Ɗan DE:
Mu da muka shigo ta DE daga karatun share fage na IJMB ko difloma abin dariya yake ba mu. Mu a aji biyu muke sababbi, muna ta rawar kai, mu tarar da 'yan aji duk sun yi laushi kamar an jiƙa su. Shi ya sa za ka ga a zangon farko 'yan DE na yawan ba da mamaki, ba don sun fi kowa ƙwaƙwalwa ba, ɗokinsu ne sabo. Namu laushin sai a aji uku yake zuwa. Shawarata, nemi 'yan DE biyu na ajinku ka manne musu. Suna neman wanda ya san makaranta, kai kana neman wanda zai ja ka aji.

Bagobirin Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan'uwa na Najeriya. Wanga abu har wajenmu akwai shi. Mu lisans shekara ukku ta, L1, L2, L3, to L2 ita ce tsakiya sosai. Bisa 20 aka ba mu maki, in ka samu 10 ka wuce, in ba ka samu ba akwai jarrabawa ta biyu da aka sake ba ka dama. Abin da munka lura, a L1 mutum na tsoron a kore shi, sai ya dage. In ya tsallake sai ya gane ana iya rayuwa da 10, daga nan sai ya zama ɗan neman 10. Ni haka ta faru gare ni. Abin da ya tashe ni, mu biyar munka yi ƙungiya, kullum bayan la'asar ƙarƙashin bedi, da shayi, kowa da ranar da zai yi ma sauran bayani. In ranarka ta zo ba ka shirya ba, kai ka sayen sukari na sati. Kunya da tsadar sukari sun yi mini abin da nasiha ba ta yi ba.

Injiniya Ba Aiki:
Bagobiri ya faɗi gaskiya. Mu namu aji biyun yajin aikin ASUU na 2022 ne ya raba shi biyu, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas. Kafin nan ga na 2020 da ya haɗu da korona. Na koma makaranta na manta yadda ake riƙe biro, ina da teburin POS a bakin kasuwa, ina ganin lakca ɓata lokaci ce. Na yi ta tsara jadawalin karatu na awa takwas a rana ina mannawa a bango, ko sau ɗaya ban bi ba. Wanda ya yi aiki shi ne mafi ƙanƙanta: na yi wa kaina doka ɗaya tak, zan shiga kowace lakca ko ba zan fahimci komai ba, ko barci zan yi a ciki. Sai na bar wayata a ɗaki in tafi da ƙaramar mai tocila. Bayan sati biyu na ga na fara rubutu, bayan wata na fara tambaya. Sannan tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekara biyar, a warware su tun tsakiyar zango, ba daren jarrabawa ba. Kada ka jira sha'awa ta dawo kafin ka tafi aji, tawa a aji ta same ni.

Baban Khalifa:
Ni uba ne, 'ya'yana biyu suna jami'a. Duk an yi maganar maki da kwas, ba wanda ya taɓo wadda ta fi ci min rai: ka ce wa mahaifinka sakamako bai fito ba.

Ɗana, wannan ƙaryar tana cikin abin da ke hana ka barci. Kuma ƙarya ce mai haihuwa, zango mai zuwa sai ka yi mata ƙanwa. Na san gidan da yaro ya yi shekara biyu ana ba shi kuɗin rajista alhali an riga an sallame shi, uban bai sani ba sai da abokan yaron suka tafi bautar ƙasa. Faɗuwar ba ita ta karya dattijon nan ba, shekara biyun da aka yi ana kallon idonsa ana yi masa ƙarya ce. Mu iyaye muna faɗa, wani lokaci fiye da kima, amma faɗan kwana biyu ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai Tambaya:
Baba na ji, kuma wallahi gaskiya ne. Amma ba ku san mahaifina ba. Gona ya jinginar lokacin rajistata ta farko. Ta yaya zan kalle shi in ce kariyoba biyu, kuma Daktan da yake kira ba zai zama Dakta ba?

Baban Khalifa:
Wanda ya jinginar da gona dominka ya fi kowa haƙƙin sanin gaskiya. Kuma kada ka je masa da faɗuwa kaɗai, ka je da lissafin da Malam ya yi maka a rubuce, ka nuna masa inda kake da inda za ka iya kaiwa.

Ummu Hanan:
In fuska da fuska ta yi maka nauyi, ai Bahaushe ya san hanya. Fara da Hajiya, ko wani kawu ko baffa da Baba ke jin nauyinsa. Su za su san lokacin da za a faɗa masa da yadda za a faɗa. Ni lokacin da na samu kariyoba uku ga cikin fari, yayar babana ce ta shige min gaba wurin maigidan da wurin Baba duka.

Ɗan Fagge:
To ni dai har yanzu ina kan batun awa bakwai. Amma na yarda abin ya fi waya. Ka yi haƙuri ƙanena in na yi tsauri.

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara, na ga wasu suna ta tambaya ta wurin Admin.

Na je wurin kodineta. Sau biyu ina zuwa ƙofar ina juyawa, a na uku wani ɗan ajinmu ya gan ni, kunya ta sa na ƙwanƙwasa. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe fayil ɗina, ya yi lissafi iri ɗaya da na Malam Mai Alli, ya ce mu goma sha wani abu ne a ajin da irin wannan faɗuwar, ni ne na biyu da ya zo da ƙafarsa. Tes ɗaya ta riga ta wuce ni, ya ce in je in roƙi malamin da kaina, na je, ya ce zai duba, bai yi alkawari ba.

Na bi dokar Injiniya, lakca ɗaya kawai na rasa a satin nan. Ba zan ce ina fahimta ba, rabin lokaci jikina ne kawai a wurin. Asibiti ma na je, an ɗebi jini, an ce zazzaɓi ne a kwance, an ba ni magani. Barci har yanzu sai ƙarfe biyu.

Na faɗa wa Hajiya a waya. Ta yi shiru, sannan ta ce dama ta ga alama tun hutu, ba ta so ta matsa min ne. Ta ce in bar mata Baba zuwa Juma'a, amma ni zan faɗa masa da bakina, ita zama kawai za ta yi a wurin. Maganar JAMB ban yanke ba tukuna.

Hajiyar Lab, in kina da tsofaffin tambayoyin Oganik don Allah a turo ta wurin Admin. Autar Mama, ke fa, kin je?

Autar Mama:
Ban je ba. Gobe in sha Allahu. Ofishin namu a hawa na uku yake, kullum sai in kai na biyu in sauko.

Ɗan Fagge:
Ki bar wayar a ƙasa, nauyinta ne ke hana ki kaiwa.